Ni da Inna a Gaban Madubi

Duk wanda ya ce maka rairayin da ke tsakanin Abashe da Fashir shi ne abu mafi wuya a hanyar Makka ta ƙasa, to bai taɓa yin tafiya daga shi sai uwar da ta haife shi na fari ba. Ni na yi, a shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, tun Turawa ba su tafi ba.

A wajenmu, Badafi ta ƙasar Kiru, uwa ba ta kallon ɗan fari ido da ido, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. Kunya ce, kuma Inna ta riƙe ta da hannu biyu. Tun daga yaye aka kai ni Kiru wajen kakata, can na yi wayo, can na yi karatun allo har na iya rubuta wasiƙa da ajami. In na zo gaishe ta daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon murhu. Da mahaifinmu ya rasu ta ƙudura sai ta je Makka. Ƙanena Sule aka shirya zai raka ta, don da shi take faɗa, da shi take dariya. Sai ga matarsa da tsohon ciki, ga gona ba mai dubawa. Haka tafiyar ta faɗo a kaina, daga ni har ita ba wanda aka tambaya.

Inna kuwa mace ce mai baki. A Badafi in ta fara yi wa mai awo faɗa, har masu ɗiban ruwa a rijiya sai sun saurara. Yanzu ga ta a hanya, ba Sule, ba maƙwabciya, sai ni da ba ta iya yi wa magana. Kafin mu kai Yarwa ta samo dabara. Da buta take magana.

"Butar nan tun safe ba ta ga ruwa ba," in ji ta, tana hararar butar kamar ita ce ta ƙi zuwa rijiya. Sai in tashi in nemo. In na ƙi cin abinci kuma, sai in ji ta ce da tukunya, "Wasu mutane dai sun fi son su faɗi a hanya da su ci ɗumame." Wasu mutanen ni ne. Ni ma na koyi amsawa ta nan, in ce, "A gaya wa tukunya wasu mutane sun ƙoshi." Ranar da na fara faɗin haka na ga kafaɗarta tana rawa a ƙarƙashin mayafi, dariya take yi ba ta so in gani.

A Fotlami, babban birnin Cadi, aka fara koya mini hankali. Wani Bahaushe mai farar riga da doguwar tasbaha ya tare mu a tasha, ya ce shi mutumin Bebeji ne, ya rungume ni har da ƙwalla, wai ya ga 'yan gida. Ya ce zai samo mana wuri a babbar motar da za ta Abashe, zai kuma kai ƙunshin zannuwan saƙin da Inna ta taho da su wajen wani attajiri da ba ya yi wa kaya tayin wulaƙanci. Zannuwan nan su ne guzurinmu, da niyyar mu riƙa sayarwa a hanya muka ɗauko su. Inna ta yi masa tambaya biyu uku a kan garin nasu, sannan ta juya wajen buta ta ce, "Ikon Allah, mutumin Bebeji bai san ranar da kasuwarsu take ci ba." Na ji sarai. Amma ina ji da ƙuruciya, ina ganin me tsohuwar ƙauye ta sani game da birni, na ɗora masa ƙunshin a ka da hannuna. Har yau bai dawo ba.

Na zauna a gindin wata bishiya ina jiran ruwan faɗa, don na san na cancanta. Can Inna ta ce da buta, "Dama kayan sun ishe ni da nauyi." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Daga nan tafiya ta zama a yi aiki, a hau mota, a sauka, a sake yin aiki. Na yi dako a Fotlami, na yi kwaɓar ƙasa a Abashe. A rairayin da ke bayan Jinaina mota takan nutse har ciki, mu sauka mu haƙa, mu shimfiɗa mata ƙarfe, mu tura, ta ɗan matsa ta sake nutsewa. Ranar da ruwan salka ya ƙare, wata Balarabiya mai raƙuma, ba ta jin mu ba ma jin ta, ta ga leɓen Inna ya tsattsage, ta tatso nono ta miƙa mata, ta kaɗa raƙumanta ta wuce tun ban gama haɗa godiyar ba. A Fashir daddawarmu ta ƙare. Inna ba ta yar da ganyen da aka ƙunshe ta ba, takan warware shi ta shinshina kafin ta kai kisira baki, wato wainar nan tasu mai tsami falle-falle, wadda ba ta taɓa riƙe mata ciki ba. Ni kewar gida da hantsi ta fi kama ni, lokacin da na san a Kiru an dawo daga gona ana dama fura.

Sai Madani, ƙasar auduga. Nan 'yan ƙasarmu da yawa suke tsayawa su tara guzuri, wasu shekara guda, wasu har kabari. Fallata mutanen wurin suke ce mana, da Bahaushe da Babarbare da Bafulatani duk kwando ɗaya. Muka shiga cirar auduga, ni da ita layi ɗaya, na tsinci Larabcin kasuwa a bakin masu gona. A nan abin ya faru. Inna tana tsakiyar wanke mai duba aiki tas da Hausa, shi kuma yana ta murmushi don ba ya ji, sai na ga buhu ya suɓuce daga hannunta na dama. Bakinta ya karkace, ta sulale ƙasa a hankali. Ta buɗe baki za ta ƙarasa faɗan, babu abin da ya fito.

A Madani aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, mu gwada Umdurman. Mai gonar, Allah ya saka masa, ya sa mu a motarsa har ƙofar wani asibiti a can. Bayan mako biyu ƙafa ta fara motsi, hannu ya ƙi, magana kuwa kalma ɗaya tak ta rage mata: madalla. In tana jin ƙishirwa, madalla. In an yi mata allura ta ji zafi, madalla. In haushi ya kama ta sai ta zaro ido ta ce madalla da ƙarfi, sannan hawaye ya biyo baya. Matar da kasuwa guda take shakkar bakinta! Na fita baranda na yi kuka, ba na jin nauyin faɗa.

A asibitin akwai wata Baturiya doguwa, siririya, kai ya fara furfura, kowa Sista yake ce mata. Ba allura take yi ba, ba magani take bayarwa ba. Aikinta koya wa mutane magana. An ce a ƙasarsu lokacin yaƙi ta sha zama da sojojin da suka ji rauni a ka har bakinsu ya dawo. Ni ban taɓa jin ana koya wa babba magana ba, na ɗauka wani salon cin albashi ne irin na Turawa. Tana jin Larabci, ni ma ina ɗan taɓawa, da shi muke fahimtar juna. Ta ce ita ba ta jin Hausa, don haka ni zan zama bakinta. Amma sai ta fara gwada ko hankalin tsohuwa yana nan, don wanda ba ya gane abin da ake faɗa ba ya koyuwa, kuma likita yana buƙatar gadon.

Ta tambayi sunana, na ce Mamuda. Ta ja ni har gaban gado, ta kama kafaɗata ta tsayar da ni daidai fuskar Inna, ta ce in tambaye ta wane ne wannan. Na tambaya, kaina a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa. Inna ta juya fuska bango. Sista ta zagayo da ni ta ɗaya ɓarin. Inna ta juya ɗaya bangon.

"Ce mata, Mamuda ne wannan?" in ji Sista. "Ta gyaɗa kai kawai, ya isa."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ruf.

Sista ta rubuta wani abu a takarda, ta fita da ni baranda. Ta yi mini magana a hankali, irin ta mai ta'aziyya. Ta ce uwar da ba ta gane ɗanta ba, cutar ta ci wurin da ba ya gyaruwa. Jibi za a sallame ta, in kai ta gida in yi haƙuri. Sannan ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ma ko hannunta ba ka riƙe ba."

Raina ya ɓaci har Larabcin ya gudu ya bar ni. Ta yaya zan tsaya gaban baƙuwa in ce uwata kunyata take ji? Ban ma san sunan abin da Larabci ba, kuma ni kaina nauyin faɗarsa nake ji. Na tsaya ina ta zufa kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Wata tsohuwa mai goge barandar ce ta cece mu. Ashe tun ɗazu kunnenta yana wajenmu. Ta ajiye tsumma ta ce da Hausa, "Kai ɗan nan, na fari ne kai?" Na ce e. Ta kwashe da dariya har tana riƙe ƙugu. Gwaggo Ladi ke nan, 'yar Tudun Wada. Tun tana amarya suka baro gida da mijinta za su Makka, ya rasu a hanya, ita kuma ta maƙale a Umdurman har haƙora suka zube. Ta tare Sista da Larabci kamar ruwa, tana nuna ni tana nuna ɗakin. Sista ta yamutsa fuska, alamar maganar ba ta shige ta ba.

"To a gwada mana," in ji Gwaggo Ladi. "Kai, tuɓe rigar nan ka tsaya nan waje."

Ta karɓo rigar mai gadi da ta wani mai jinya, ta haɗa da tawa, suka shiga. Ni ta taga nake leƙe. Ta zube su a kan gado ta ce, "Yaya, wacce ce ta mutumin naki?" Inna ko jinkiri ba ta yi ba. Ta sa hannun hagu ta jawo tawa, ta juya ta, ta lalubo aljihun da ya yage tun a Fashir, ta ɗaga shi sama tana girgizawa, ta ce, "Madalla!" da muryar da duk wanda ya san ta ya san faɗa ne. Sannan ta yi alamar allura da zare.

Sista ta fito fuskarta ja wur. Ta ce da ni, "Na yi babban kuskure, ka yafe mini." Baturiya guda, a gaban mai shara. Daga ranar na daina jin haushinta.

Sai dai an bar mana gado, ba a raba mu da matsala ba. Aikin Sista duk a kan kallon baki yake. Mai koyo sai ya dubi leɓen mai koyarwa, ya ga inda harshe ya nufa, sannan ya kwaikwaya. Bakin Sista ba ya fitar da Hausa. Na Gwaggo Ladi ba haƙori, ga aikinta yana jiran ta. Saura ni, kuma Inna ko za a yanka ta ba za ta kalli bakina ba. Kwana uku muna wannan kokawa. Har ƙyalle Sista ta ɗaure mini a ido, wai ko in ba na gani tsohuwa za ta saki jiki, amma ina! Rana ta huɗu ta zo da wani faffaɗan madubi da take ba marasa lafiya su ga bakinsu. Ta jingine shi a kan tebur a baranda, ta zaunar da mu kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallon gaba, ta yi ta karkata shi har ya zamana daga inda Inna take bakina da haɓata kawai ake gani.

Gwaggo Ladi ta sunkuya saitin kunnenta ta ce, "Yaya, wannan ai ba shi ba ne. Gilashin Nasara ne kawai. Wa yake jin kunyar gilashi?"

Inna ta ɗan saci kallo. Na haɗe leɓe na ce, "Mmm." Ta ƙura ido. Ta haɗe nata, ɓarin dama yana zamewa, ta ce, "Mmm." Sista ta tafa kamar an yi mata albishir. Ni kuwa a madubin nan na fara ganin fuskar uwata sosai, ina neman shekara talatin a duniya. Ashe tana da ɗan tabo a ƙarƙashin idon hagu. Ashe hancin nan nawa da ake tsokanata da shi a Kiru, nata ne.

Da aka sallame ta, Gwaggo Ladi ta ba mu ɗaki a gidanta a unguwar Fallata, Sista ta ba mu aron madubin, muna zuwa wajenta sau biyu a mako. Da safe ni in fita tallan ruwa, Gwaggo ta tafi asibiti, Inna ta wuni ita kaɗai. Bayan la'asar mu zauna gaban madubi. Da hura gashin kaza muka fara, don leɓe ya yi ƙarfi. Sista ta gano wani abin mamaki: in an ja mata bakin Fatiha, Inna sai ta kai ta har ƙarshe ba tuntuɓe, amma ba ta iya cewa ruwa. Don haka ta ce in riƙa jan kowace kalma kamar karatu, ina ɗan buga bayan hannunta na hagu, bugu ɗaya gaɓa ɗaya. Ru, wa. Ru, wa. Hannun da ban taɓa riƙewa ba, ga shi kullum a cikin nawa, ni da ita kowa yana yin kamar ba nasa ba ne.

Sista takan zana hotuna a kati. Zane kam Allah bai ba ta ba. Akuyarta da kare ba su da maraba, Inna ta ture katin da bayan hannu ta ce madalla. Wata rana Sista ta gan ni ina rubuta wa Sule wasiƙa, ta karɓa ta jujjuya, ta ce in rubuta sunan kowane abu da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin hotonsa, wai ido yana taimakon harshe. Na ce Inna ba ta taɓa riƙe allo ba, da ka ta haddace surorinta. Ta ce to yanzu za ta fara. Haka uwata, ta haura hamsin, ta san harafin mim ta san harafin ba. In ta ɗora yatsa a kan mim sai ka ga leɓenta ya haɗe da kansa. Kafin wata huɗu mukan rufe hoton da tafin hannu, ta dubi rubutun kawai ta ce masara, ta ce tuwo. Ni kuma Sista ta koya mini boko, don in riƙa rubuta kalmomin da aka samu a mako ita ma ta iya karantawa. Da bokon nan na koyar da ajin manya a Kiru bayan mun dawo.

Kada a ɗauka abin da daɗi ya tafi. Akwai ranar da ta watsar da katunan gaba ɗaya har cikin murhu, akwai ranar da ni na yi zuciya na tashi na bar ta da madubinta. Kalmar gida sai da ta ci mana mako uku, don sautin farkonta can cikin maƙogwaro yake, madubi ba ya nuna shi. Ranar da ta fito, Gwaggo Ladi tana tankaɗe a gefe. Inna ta ce, "Gi, da." Ta sake cewa, "Gida." Gwaggo ta ajiye rariya, a cikinmu ba wanda ya yi murnar da aka shirya yi.

Wata takwas muka yi. Inna tana takawa da sanda, tana haɗa kalma biyu uku, har ta fara yi wa Gwaggo gyara a kan gishirin miya. Turawa suna shirin barin Sudan, Sista ma ta ɗaure kaya. Muka mayar mata da madubinta, Inna ta ce mata, "Na gode," wanda muka yi kwana goma muna shiryawa, Sista ta rungume ta tana share ido. Gwaggo Ladi ta ƙi bin mu, ta ce ita nan Allah ya ajiye ta, in dai mun koma in je Tudun Wada in gaya wa duk wanda ya tuna da Ladi cewa tana nan da ranta.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku, inda ake hayewa zuwa Makka. A wata tasha bayan Atbara, rana tsaka, na sauka ɗebo ruwa a famfo. Layi ya yi tsawo, ana ta ture ni baya ana ce mini Fallata, ni kuma taurin kai ya hana ni haƙura. Na ji jirgi ya yi kuka, na ce bari dai in cika. Ko da na waiwaya ya fara tafiya. Na zuba da gudu. Taragai duk iri ɗaya, kowace taga cike da kawuna, na rasa wanne ne namu. Ga takardunmu a aljihuna, ga Inna a ciki da hannu ɗaya, ba Larabci, Hausar ma ba ta wuce a ƙirga ba. In jirgin nan ya tafi ya bar ni, ban san wanda zai iya jin ko daga ina take ba. Ina gudu ina leƙa tagogi.

Sai na ji wata murya ta tsaga hayaniyar.

"Ma, Ma, Mamuda!"

Can gaba da tarago biyu, hannun hagu yana kaɗa mayafi ta taga. Na yar da ruwan, na ƙara wuta, na cafki ƙarfen ƙofa, wasu mutane suka fizgo ni ciki.

Na tarar da ita zaune, ta gyara mayafi, ta juya fuska waje kamar tun safe duwatsu take kallo. Wata Basudaniya a gefenta tana ta ba mutane labari da hannu, wai saura kaɗan tsohuwar nan ta faɗo ta taga. Na durƙusa ina haki, na ce, "Inna, na ji kamar an kira ni."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Ba, ni, ba."

Na koma wurina na zauna. Sai da numfashina ya dawo sannan abin ya faɗo mini. Ni na san bakin nan fiye da kowa. Babu kalmar da ta taɓa fita daga cikinsa sai an sha fama da ita kwana da kwanaki, an ja, an buga, an maimaita. Wannan kuwa ban taɓa rubuta ta a kati ba, ban taɓa koya mata ba, Sista ma ba ta sake tayar da zancen ba. Ke nan duk safiyar da na fita tallan ruwa, Gwaggo ta tafi aiki, Inna jawo madubi take yi ita kaɗai tana koyon sunana.

Na juya fuskata ɗaya tagar don kada ta ga idona. Haka muka tafi har bakin teku, kowa da tagarsa.